Karan da Boaz Ya Jingine Bayan Ƙofa

Duk wanda ya taɓa bin layin 'yan katako a Kafanchan ya san shagon Boaz Zamani, ko da bai san sunan mai shagon ba. Nan ne kullum za ka ga bencinan coci a jere a waje suna shan iska, ƙamshin banish, man da ake shafa wa katako, na tarbarka tun daga kwana. Boaz gajere ne kakkaura, fensir ba ya barin kunnensa har a cikin sujada. Shekarunsa hamsin da takwas, arba'in da uku daga ciki da zarto a hannu ya yi su. Kafinta ne na gaske, wannan ko wanda ba ya shiri da shi ba zai musa ba. Amma yau kusan shekara biyu ke nan, in ka yabi aikinsa a gabansa sai ya sunkuyar da kai ya shiga neman abin da bai ɓace masa ba a cikin dusar katako. Da can ba haka yake ba. Da can kafin ka buɗe baki ka yabe shi, ya riga ka.

A wani ƙauye bayan Fadan Kaje aka haife shi. Yana da shekara tara mahaifinsa ya rasu, sai ƙanen mahaifin, Baba Asher, ya ɗauke shi ya haɗa da 'ya'yansa. Baba Asher mai bishara ne, dogo ƙwarai, sai ya rusuna yake shiga ƙofar cocin da shi da kansa ya kafa. Matarsa Mama Afiniki kuwa 'yar firit ce, ko kafaɗarsa ba ta kai ba, amma ita ke juya gidan. Ba ta taɓa bambanta kwanon Boaz da na 'ya'yan cikinta ba. In an yi laifi a sha bulala tare, in an yanka kaza a raba tare.

Karatu bai zauna a kan Boaz ba. Da Baba Asher ya ga haka, bai tsaya jan magana ba. Ya ɗora shi a bayan keke, suna tafe tun safe har rana ta take, ya sauke shi a Kafanchan gaban Oga Cyprian, wani mutumin Ibo da ya yi aikin kafinta a reluwe har ya yi ritaya ya buɗe shago. Ya ce masa, "Ga ɗana. Kansa ba ya riƙe karatu, amma hannunsa yana jin magana." Ya saya wa Boaz zarto sabo fil mai jan mariƙi, ya dafa kansa ya yi masa addu'a a bakin titi, ya hau kekensa ya juya. Shekara bakwai Boaz ya yi a hannun Oga Cyprian. A nan ya koyi ƙofa da taga da gado da bencin coci, a nan kuma ya koyi akwatin gawa. Da ya samu 'yancin kansa ya sayi kayan aiki sababbi, sai ya mayar wa Baba Asher tsohon zarton, tsoho ya rataye shi a ɗaki yana gyara bencinan cocinsa da shi.

To, shi akwatin gawa a ƙauyen su Boaz yana da tasa hanyar, tun kafin a san tef ɗin awo. In mutum ya rasu, wanda ya fi kusa da shi zai zaro karan dawa biyu daga danga, ya gwada ɗaya daga kai zuwa tafin ƙafa, ɗaya daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ya yanke, ya ɗaure su tare a kai wa kafinta. Kafinta ya yi aikinsa. In ya gama, shi ma sai ya yanko kara biyu daidai tsawon akwatin da faɗinsa ta waje, da duk wani ado da ya maƙala masa, ya aika wa masu haƙa. Su kuma su sauka rami da karan su bi bango da shi, inda ya tokare su sassaƙe. Kabarinsu hawa biyu ne. Akwai baki mai faɗi a sama, sai matsattsen rami a ƙasa inda akwati ke kwanciya, da ɗan dakali gefe da gefe inda ake jera murafan kankare. Kara ya zo, kara ya koma. Dabarar ke nan, kuma ba a taɓa jin ta ba wani kunya ba.

Ana nan sai ga zancen waya. Bernice, babbar 'yarsa, tana aiki a wani kantin kayan ɗaki a Abuja. Da ta zo Kirsimeti sai ta sa masa wata manhaja a wayarsa. Ka buɗe kyamara ka nuna ɗaki, sai ka ga ɗakin a fuskar waya yadda yake, amma ga wadirob tsaye a lungu, wadirob ɗin da ko katakonsa ba a yanka ba. Ka matsa kusa ya ƙara girma, ka zagaya ka ga gefensa. Ka taɓa wannan bango ka taɓa wancan, ta faɗa maka ƙafa nawa ke tsakani. Kafinta zai shigar da tsawo da faɗi da launi, ita kuma ta ɗora hoton a kan duk abin da kyamarar ke kallo.

Kada a ci zalin abar nan, ta yi wa Boaz rana. Madam Nnenna mai kemis, wadda ba ta taɓa karɓar kantar jera magani ba tare da ta sa an kwance ta sau biyu ba, a waya ta ga tata tsaye jikin bango, ta ce a rage hawa ɗaya tun ba a taɓa katako ba. Wani coci a Kagarko ya so ƙaton bagadi, wato teburin gaban coci, Boaz ya nuna wa dattawa a waya cewa zai tare wa mawaƙa ganin Fasto, aka rage shi. Wani malamin makaranta ya ga da idonsa cewa gadon da yake so zai hana ƙofar ɗaki buɗewa. Asarar katako ta ragu, gardama ta ragu, har daga Kauru ake kiran Oga Boaz mai waya.

Sai dai abin ya hau masa kai, kai jama'a! Tef ya koma aljihun tebur ya yi tsatsa. Ko kujerar tsuguno ka zo saya sai ya ce tsaya ka gan ta tukuna. Matarsa Milka ta taɓa ce masa, "Baban Bernice, saura miya. Ita ma ka nuna mata waya kafin ka sha." Ya yi dariya ya ce ba za ta gane ba. Akwai kuma abu ɗaya da ya lura da shi tun farko. Wata rana a gidan wani yana tura hoton wadirob da yatsa, sai rabinsa ya nutse cikin bango, sumul, ba ƙara ba tokarewa. Hoto ne, ba ya cin karo da komai. Boaz ya gani, ya ja shi baya, ya ci gaba da surutunsa. Ku riƙe wannan, domin shi ma har yau bai manta ba.

Ruwan farko na sauka a watan Afrilu Baba Asher ya koma ga Ubangiji, yana da shekara tasa'in da ɗaya. Aka kawo shi ɗakin ajiye gawa a Kafanchan, aka sa jana'iza ranar Asabar. Ranar Litinin da hantsi Boaz yana zaune a shago, idonsa jawur, sai ga Mama Afiniki ta sauko daga bas ita kaɗai. Tana riƙe da kara biyu, dogo da gajere, ta ɗaure su da ƙyallen da ta yago daga bakin zanenta. Tun kafin a ɗauke mijin daga gida ta gwada shi da hannunta.

Ta miƙa masa ta ce, "Ga Babanka."

Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, wannan kam ya yi daidai. Da ya yi shiru a nan da an wuce wurin. Amma ina! Ya ce, "Mama, ai da ba ki wahalar da kanki ba. Yanzu an wuce nan. Zan je da kaina in auna shi da waya, har akwatin ma zan nuna miki kafin in yi."

Ya buɗe ya nuna mata wani akwati kwance a tsakar shago, inda babu komai sai dusa. Tsohuwa ta ƙanƙance ido ta duba wayar, ta duba ƙasa, ta sake duba wayar.

Ta ce, "Ni idona ba ya gani abin nan da kyau. Kai dai ka riƙe kara, ɗana."

"To, Mama," in ji shi. Ya raka ta ta hau mota, ya dawo ya jingine karan a bayan ƙofa, tare da tsintsiya.

Ya je ya auna da waya, kuma awon ya yi daidai, ba a nan gizon yake ba. Ya shigar da tsawo da faɗi, ya zana akwatin a manhaja. Ya ciro katakon maɗaci da ya daɗe yana ɓoyo, wanda wani ɗan kwangila ya yi ta naci bai sayar masa ba. Kwana biyu yana aiki ba ya ko amsa gaisuwa. Ranar Laraba ya ja baya ya dubi akwatin, sai ya ga ya yi masa fili da yawa. Mutumin da ya goyo shi a keke har Kafanchan, a ce a haka zai tafi? Ya sake ɗaukar katako ya yi masa baki mai kauri ya zagaye gindinsa, ya sassaƙa ganyen inabi a jiki, ya ɗaura mariƙai shida na jan ƙarfe, uku nan uku can. Ƙauna ce ta sa shi, ba shakka. Amma in za a faɗi gaskiya duka, akwai kuma son a ce wa ya yi wannan aiki. Hoton da ke waya kuwa yana nan yadda ya zana shi ranar Litinin, bai koma ta kansa ba.

Ranar Alhamis Yafet ya kira shi. Yafet tsaransa ne, tare suka yi kiwon awaki, shi ne kuma shugaban masu haƙa a ƙauyen. Mutum ne mai ƙarancin magana. Ya ce, "Boaz, rami ya gama. Muna jiran kara."

Boaz ya hau mashin ya tafi, ba kara ba tef, sai waya a aljihu. Ya tarar da su a bayan gidan Baba Asher ƙarƙashin mangwaro, jikinsu duk jan ƙasa, suna shan kunu. Ya tsaya a bakin rami ya ɗaga waya ya ce su matso. Suka yi cincirindo a bayansa. Ga ramin a fuskar waya, ga dakalinsa, ga digarsu jingine a gefe. Boaz ya taɓa da yatsa, sai ga akwatin maɗaci kwance a ciki lafiya lau, yana sheƙi. Wani ya ce kai! Wani ya ce a sake. Ya fito da shi, ya sake mayarwa, har sau uku.

Yafet ya duba, ya gyaɗa kai ya ce, "Na gani. Amma ba ni kara in sauka da shi."

Boaz ya ce, "Haba Yafet, kai da kara sai ka ce akuya. Ba ga shi ka gani da idonka ya shiga ba?"

Masu haƙa suka kwashe da dariya. Yafet bai yi ba. Ya goge hannu a wandonsa, ya dubi ramin, ya ce, "To. Kai ne kafinta." Suka kwashe diga da shebur suka wanke.

Ranar Asabar ƙauyen bai taɓa ganin taro irin wannan ba. Fastoci sun cika benci biyu. Zumuntar mata ta coci huɗu ta zo, kowace da zanenta, da tuluna da kacau-kacau. Aka ɗora akwatin a gaban rumfa, mutane na wucewa suna shafa ganyen inabin da yatsa. Boaz na zaune cikin dangi da farar riga mai guga, yana kuka na gaskiya, amma kunnensa ɗaya na wurin masu cewa, "Aikin ɗansa ne, wanda ke Kafanchan." Allah ya yafe masa, ya ji daɗi.

Aka gama wa'azi, aka gama shaida, aka ɗauko Baba Asher zuwa bayan gida. Maza takwas suka riƙe igiya. Mata suka ɗauki waƙar tafiya gida. Akwatin ya wuce bakin rami, yana sauka, yana sauka, sai aka ji ƙwas. Igiya ta saki a hannun mutane. Akwatin ya zauna daram a kan dakali, bakin nan mai ganyen inabi ya tokare dama da hagu. Aka ɗaga, aka karkata, aka sake saukewa. Ƙwas. Abin da ya rage bai wuce yatsa uku a kowane gefe ba, amma yatsa ukun nan sun hana Baba Asher kwanciya. Waƙa ta yi ta raguwa daga gaba zuwa baya har ta mutu, sai kukan wani jariri kawai ake ji.

Wani daga cikin masu haƙa ya juya zai ɗauko diga, sai wani dattijo ya riƙe masa hannu. A ƙauyen nan, in gawa ta riga ta iso bakin kabari, diga ba ta sake shiga ramin. Tsofaffi sun ce kamar buɗe wa wani ƙofa ne. Ba Faston da ya taɓa wa'azin haka, ba kuma Faston da ya taɓa cewa a karya. Fito da tsohon daga akwati a gaban jama'a kuwa, ko a baki ba wanda zai iya faɗa.

Boaz ya ɗaga ido ya haɗu da na Yafet. Da ma Yafet ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Amma sai Yafet ya kau da kai kawai.

Mama Afiniki ta tashi daga kujerarta. Mata biyu suka so riƙe ta, ta zame. Ta taka a hankali har bakin rami, ta leƙa ta ga mijinta a rataye tsakanin sama da ƙasa. Sannan ta juyo. Ba ta ɗaga murya ba, amma don shirun da aka yi har na bayan rumfa sun ji.

"Boaz, ina kara?"

Boaz ya sunkuyar da kai. Ya so ya ce waya ta nuna, ya so ya ce ramin ne aka matse. Ba ɗaya da ya fito.

Ya ce, "Yana shago, Mama. A bayan ƙofa."

Ta ce wa Yafet, "Ku fito da shi." Ta ce wa wata jikarta babba, "Shiga ɗakin kakanki, zarto yana rataye a ƙusa."

Aka jawo akwatin sama aka ɗora shi a kan benci biyu. Aka kawo zarton. Jan mariƙin ya koɗe, haƙoran sun dakushe, amma Boaz ya gane shi tun daga nesa. Ya tuɓe farar rigar ya miƙa wa Milka, ya rage daga shi sai singileti a gaban fastoci da surukai da baƙin Abuja. Ya ari wuƙa ya kwance mariƙan nan shida ɗaya bayan ɗaya, ya zube su a ƙasa. Sannan ya durƙusa ya ɗora zarto a kan ganyen inabin da ya kwashe yini guda yana sassaƙawa.

Maɗaci ba ya yankuwa da daɗi ko da zarto mai kaifi, balle wannan. Ja na farko ya yi wani ƙara mai tsaga kunne. Abin da ya fi ƙaran muni shi ne, duk ja ɗaya sai akwatin ya girgiza, Boaz kuma yana jin nauyin da ke ciki yana motsawa. Babansa yake jijjigawa. Mutumin da bai taɓa ɗaga masa murya a gaban baƙo ba, yau shi yake yi wa haka a gaban duniya. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa ransa. Yana ja yana cewa ƙasa-ƙasa, "Baba, yi haƙuri. Baba, yi haƙuri."

Milka ce ta cece shi. Ta rungume rigarsa a ƙirji ta ɗaga waƙa da ƙarfi, da muryarta mai rawa. Matan zumunta suka gane nufinta nan take. Suka amshe, suka buga tuluna, suka kaɗa kacau-kacau, suka kewaye bencin da jikinsu yadda na baya ba zai ga komai ba, ba kuma zai ji zarto ba. Kusan awa guda suna yi. Waƙoƙin jana'iza suka ƙare, suka shiga na girbi, na girbi suka ƙare suka koma farko. Can Boaz ya ji akwatin ya daina rawa. Ya ɗaga kai sai ya ga Yafet ya dafe akwatin da ƙirji da hannu biyu, yana kallon wani wuri daban.

Da ɓangarorin biyu suka faɗi, Yafet ya je danga ya zaro kara ya miƙa masa. Boaz ya gwada faɗin akwatin ya yanke. Yafet ya sauka rami da shi, ya bi bango daga kai har ƙafa, ya fito ya ce, "Ya wuce." Aka sake kama igiya. Baba Asher ya sauka ya kwanta, da farin tabon zarto dama da hagu a jikin akwatinsa, da dusa a kan furannin da aka ɗora masa. Ana jera murafan kankare hadari ya taso. Boaz bai tsaya cin abinci ba, ya hau mashin cikin ruwa ya koma Kafanchan.

Labari kuwa ya riga shi isa. Makonni aka yi in ya wuce layin 'yan katako sai wani ya ce, "Oga, waya ta ce ya shiga?" Ya jefa wayar cikin aljihun tebur ya kulle, ya ce ita ta jawo masa. Milka ta bar shi kwana uku, sannan ta ce, "Baban Bernice, waya ce ta ce wa Yafet akuya?" Washegari ya buɗe aljihun. Ya ciro wayar, ya ciro tef ɗin da ke kwance kusa da ita ya goge masa tsatsa. Har yau yana nuna wa mutane kanta da gado da bagadi a waya, don tana da amfaninta. In ya gama nunawa sai ya durƙusa ya auna da hannu.

Ƙauye kuwa ya gagare shi zuwa. Aka yi taron dangi bai je ba, aka yi godiyar girbi ya aika Milka. Ya kan shirya, ya ɗaure buhun shinkafa a mashin, sai ya tuna muryar nan tana tambayar kara, ya kwance. Shi a ganinsa ya riga ya rasa uwa, kuma shi ya jawo. Karan Baba Asher na nan bayan ƙofa. Ya kasa jefarwa, ya kasa dubawa, tsintsiyar kawai ya canza wa wuri.

Bayan an kai dawa gida, wata Talata da hantsi yana goge ƙafar tebur, sai inuwa ta tare masa haske. Mama Afiniki ce, ta ƙara ƙanƙancewa. Tana riƙe da kara biyu sababbi, ɗaure da ƙyalle. Ya zube a ƙasa ya ce, "Mama, wa kuma muka rasa?"

Ta ce, "Ba kowa. Ba ni kujera."

Ta zauna ta huta, ta sha ruwa, ta tambayi Bernice da jikoki. Sannan ta miƙa masa karan.

"Wannan nawa ne. Na kwanta a tabarma, Yemima maƙwabciyata ta gwada ni ta yanke. Na ce tun ina da ƙafa in kawo da kaina."

Boaz ya kasa miƙa hannu. Ya ce, "Mama, ki kai wa wani. Kafintoci sun cika garin nan. Ni ban isa ba, bayan abin da na yi wa Baba."

Ta ce, "Wane wani? Na yi renon wani kafinta ne ban da kai? Abin da ka yi ka yi, duk ƙauye sun gani, ni ma na gani. Kwana nawa ban yi barci ba saboda shi. Amma Babanka ya kwanta, kuma hannunka ne ya kwantar da shi. Karɓi."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya tsayar da dogon a ƙasa, ko haɓarsa bai kai ba. Matar da ta ciyar da su tara daga tukunya ɗaya, iyakarta ke nan. Hawaye suka zubo masa, bai ko share ba.

Ta miƙe ta gyara ɗaurin zanenta. A bakin ƙofa ta tsaya, ta leƙa bayan ƙofar, ta ga dogon karan mijinta jingine da ƙyallenta a jiki, gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Ta sa hannu ta share saƙar.

Ta ce, "Ni dai kada ka sa ni a nan, ɗana."

A ranar ya buga ƙusa huɗu a bangon da ke fuskantar teburin aikinsa, ya ɗora na Baba Asher a sama, nata a ƙasa. Mama Afiniki tana nan da ranta, bana ma ta shuka gyaɗa, kuma Boaz yana zuwa duba ta duk ƙarshen wata. Baƙo in ya shigo shagon yakan tambaya karan mene ne waɗannan a bango. Boaz sai ya cire fensir daga kunne ya yi ta jujjuya shi, ya ce na sama na Babansa ne, wanda bai mayar ba.